Gem na tafiya sumul, bidiyo na cijewa: yadda nake gano inda matsalar take

Babu abin da ya kai wannan ɓata wa mai naɗar gem rai. Lokacin da kake bugawa komai lafiya lau, ƙwallo na tafiya sumul, mota na shan kwana ba gargada, amma da ka buɗe bidiyon da ka naɗa sai ka tarar yana cijewa, ya ɗan tsaya ya yi tsalle, ya sake tsayawa. Gyaran laftof da haɗa bidiyo ne sana'ata a nan Jos, wajen Terminus, kuma samarin da ke kawo mini wannan kuka yawancinsu sun gama yanke hukunci tun a hanya: "Oga, kwamfutar nan ta gaji, sai dai a sake wata." Wani har ya fara tambayar farashi. Wannan magana tana damuna, don na san irin wahalar da ake sha kafin a tara kuɗin laftof ko da ta hannu ce, kuma galibi ba ita ce ta gaza ba. Gem ɗin ne ya cinye ƙarfinta gaba ɗaya, bai rage wa aikin naɗa komai ba.

Saboda haka kafin ka taɓa kowane saiti, ka fara gano a wane mataki hoton yake ɓacewa. Duk bayanina a kan OBS Studio, manhajar naɗar allon kwamfuta, zai tsaya, domin kyauta ce, ita ce mafi yawanmu ke amfani da ita, kuma ita ce ke faɗa maka gaskiyar abin da ke faruwa a cikinta in ka san inda za ka duba.

Ka tabbata bidiyon ne da laifi tukuna

Sau da yawa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, abin da kake kallonsa da shi ne ya kasa. Tura bidiyon cikin waya ta kebul, ko ka kai shi wata kwamfuta ka kunna. In ya tafi daidai a can, to naɗarka ba ta da matsala, ka huta. Wannan ya fi faruwa ga wanda ya naɗa da tsarin matse bidiyo na HEVC, wato H.265, sannan ya zo kallo a tsohuwar na'ura. Furosesa ta Intel da ta girmi zubi na 6 ba ta da cikakken ɓangaren da ke warware irin wannan bidiyo, sai ta ɗauki aikin da ƙarfin tsiya, hoto ya riƙa tsinkewa. Idan kana son abin da zai buɗe a ko'ina, daga wayar ƙaninka har talabijin ɗin falo, ka tsaya a H.264.

Akwai wata dabara da nake yi a VLC. Ka tsayar da bidiyon a wurin da ake gudu ko kyamara ke juyawa, sai ka riƙa danna harafin E. Kowane dannawa firem ɗaya yake matsawa, wato hoto ɗaya daga cikin jerin hotunan da ke haɗa bidiyo. In kowane firem ya bambanta da na bayansa, fayil ɗin lafiya yake. In kuwa ka danna sau biyu ko uku hoton bai motsa ba, sannan ya yi tsalle mai nisa, to an rasa firem tun wajen naɗa, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a ɗauka ba.

Kada kuma ka auna bidiyonka da abin da ka gani a sitatus na WhatsApp, domin matse shi ake yi sosai kafin ya hau. A YouTube ma, firem 60 a sakan ba ya fitowa sai daga 720p zuwa sama, kuma in ka ɗora sabon bidiyo ƙaramin inganci ne ke fara bayyana kafin babban ya gama shiryuwa.

Tagar da kowa ke tsallakewa

A saman OBS ka shiga View, ka zaɓi Stats. Wata ƙaramar taga za ta buɗe. Ka bar ta a buɗe, ka kunna gem, ka naɗa minti uku zuwa biyar na wasa na gaske, ba allon zaɓen ƙungiya ba. In GTA V ne, ka ɗauki mota ka ratsa tsakiyar gari a guje. In gem ɗin ƙwallo ne, FC ko eFootball, ka buga wasa har da maimaicin ƙwallo da nuna 'yan kallo, don a nan nauyin yake. Ka dawo ka duba layuka biyu.

Na farko shi ne Frames missed due to rendering lag. Wannan yana nufin OBS ba ta samu damar zana hoton a kan lokaci ba, domin katin hoto, wato GPU, ya cika da aikin gem. Na biyu shi ne Skipped frames due to encoding lag. Shi kuma yana nufin an zana hoton, amma inkoda, wato abin da ke matse hotuna ya mayar da su fayil ɗin bidiyo, bai iya bin saurin ba. Akwai layi na uku, Dropped Frames, amma wannan na masu watsa shiri kai tsaye ne, intanet ne ke haddasa shi. In naɗa kawai kake yi, data da sabis ba su da hannu a lamarinka ko kaɗan. Na sha ganin yaro ya canza layin waya saboda bidiyon da yake naɗa a kwamfutarsa yana cijewa.

Waɗannan layuka biyu ciwo biyu ne daban, maganinsu ma daban. Wanda ya rage ingancin inkoda alhali matsalarsa ta zana hoto ce, bidiyonsa zai ƙara muni kuma cijewar na nan daram.

In layin farko ne ke hawa

Wannan shi na fi gani, kuma shi ne ya fi ruɗa mutane, domin gem ɗin yana tafiya lafiya a idonka. Ga abin da ke faruwa. In ba ka sa wa gem iyaka ba, zai zuba firem iya ƙarfin katin hoto, 90 ne, 130 ne, duk abin da ya samu. Katin zai tsaya a kashi 99 cikin 100. Ita kuma OBS tana buƙatar wannan katin don ta kwafi hoton gem, ta haɗa shi da kyamararka da rubuce-rubucen da ka ɗora, ta miƙa wa inkoda. In kana naɗa a firem 60, kowane firem yana da kusan milisakan 16.7 ne kacal. In OBS ta tsaya layi tana jiran gem ya ba ta wuri har wannan lokacin ya wuce, sai ta maimaita firem ɗin da ya gabata. Wannan maimaicin shi ne cijewar da kake gani. Kamar tirela ce da aka cika maƙil tana Hawan Kibo, ka ce kuma ta ja wata motar a baya.

Ka tabbatar da idonka. Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka zaɓi GPU, ka duba zanen da aka rubuta 3D. In yana manne a sama lokacin da kake wasa, ka kama ɓarawon.

Magani na farko, wanda shi kaɗai yakan gama aikin: ka sa wa gem iyakar firem. Yawancin gem suna da wannan a saitin hoto. FC yana da zaɓin kulle shi a 30 ko 60, GTA V yana da VSync. In gem ɗinka ba shi da shi, NVIDIA Control Panel yana da Max Frame Rate a ƙarƙashin Manage 3D settings, manhajar AMD ma tana da irinsa, ko ka sa RivaTuner da ke zuwa tare da MSI Afterburner. Burinka shi ne katin ya sauko wajen kashi 80 zuwa 90 a wurin da wasa ya fi zafi. Ragowar nan ita ce abincin OBS.

Na san akwai waɗanda wannan ba ya yi musu daɗi. Mutum ya saba ganin lamba 140 a kusurwar allo, ka ce ya koma 60, sai ya ga kamar ka rage masa daraja. Amma ka tambayi kanka, allonka nawa yake nunawa? Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu allonsu 60 ne. Duk firem ɗin da ya haura haka ba ka ganinsa cikakke, zafi kawai yake ƙara wa na'ura da ƙugin fanka. Mai buga gasar harbi da ke lissafin kowane milisakan yana da hujjarsa, na yarda. Amma ranar da ka zauna naɗa don mutane su kalla, mai kallo ne sarki.

In ka kulle a 60 amma katin bai sauko ba, to gem ɗin dama da ƙyar yake kai 60. Sai ka rage masa kaya. Fara da inuwa, sai tazarar hangen nesa, sai abin da ke goge gefen hoto irin su MSAA. Waɗannan suna cin ƙarfi sosai, kuma bayan YouTube ko TikTok sun matse bidiyon ba wanda zai gane ka rage su. Cijewa kuwa kowa zai gani, har wanda bai taɓa riƙe pad ba.

Magani na biyu: ka rufe OBS, ka danna ta da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Run as administrator. In ta tashi a haka, Windows yana ba ta fifiko a wajen katin hoto, ba za ta riƙa tsayawa a bayan gem ba. Don kada ka manta, shiga Properties, sai Compatibility, ka sa alamar ta riƙa tashi a haka kullum.

Sai ka dubi yadda kake ɗauko hoton gem a cikin OBS. Game Capture ya fi sauƙi a kan na'ura, shi za ka fara gwadawa. In ya nuna baƙin allo, ka koma Window Capture. Display Capture ka bar shi ya zama na ƙarshe. Kuma kada ka tara su duka a fage ɗaya, wato Scene na OBS, wannan a kan wancan, kana cewa ai ka ɓoye sauran. Ka goge wanda ba ka amfani da shi. Haka kyamara: in a ɗan ƙaramin akwati fuskarka za ta fito a kusurwa, ba dalilin da zai sa ka ɗauke ta a 1080p, 720p ya ishe ta. Kayan ado masu motsi da ake ɗaukowa daga intanet su ma suna da nauyinsu. In ka gama shirya fagenka, danna dama a kan hoton da OBS ke nuna maka ka cire alamar Enable Preview, wannan ma yana ɗan sauƙaƙa mata.

Ka kuma tabbata ba ku biyu ko uku ne ke naɗa a lokaci guda ba. Windows yana da nasa mai naɗa a ɓoye: Settings, Gaming, Captures, ka kashe wanda ke naɗar abin da ya wuce. NVIDIA ma tana da Instant Replay, Alt da Z ke buɗe shi. Mutane da dama suna da waɗannan a kunne ba su sani ba.

Lissafin da ba ya rabuwa

Akwai wata cijewa mai ban haushi wadda Stats ba ya nunawa. Layukan duka sifili ne, amma in kyamara na juyawa sai ka ga hoton yana ɗan karkarwa. Wannan lissafi ne. In gem yana fitar da firem 144 kai kuma kana ɗaukar 60, to 144 ba ya rabuwa da 60 daidai, 2.4 yake bayarwa. OBS za ta ɗauki firem ɗaya bayan biyu, wani lokaci bayan uku, tazarar ba ta zama ɗaya ba, ido kuma yana kama wannan. Mai allon 144 ya kulle gem a 120, ko ya mayar da allon kansa 120 yayin naɗa, sai kowane firem na biyu ya shiga bidiyo cif. Mai allon 75 ya mayar da shi 60.

Haka wanda gem ɗinsa ke yawo tsakanin 45 da 55 amma ya nace sai ya naɗa a 60. Ba za a ƙirƙiro firem ɗin da babu ba, maimaici za a yi ta cusawa nan da can. Ko ka rage kaya har gem ya riƙe 60 ba ya sauka, ko ka kulle shi a 30 ka naɗa a 30. Wallahi 30 mai tafiya daidai ya fi 60 mai tangal-tangal kyan kallo. Kuma gem a 60, naɗa a 30, shi ma yana fita tsaf, ga shi aikin inkoda ya ragu da rabi.

Masu haɗa kwamfuta da talabijin, musamman a gidajen gem, ku leƙa Advanced display a saitin allo ku ga lambar da Windows ya zaɓa. Wani talabijin yakan tsaya a 50, wani mai 4K in tsohuwar mahaɗar HDMI ce sai ya faɗo 30 ba tare da ya sanar da kowa ba.

In layi na biyu ne

A nan OBS kan rubuta maka gargaɗi a ƙasa cewa Encoding overloaded. Shiga Settings, Output, ka duba wane inkoda aka zaɓa a ɓangaren Recording. In ka ga x264, furosesa ce ke ɗauke da aikin, ita ce kuma ke tafiyar da gem. Laftof mai ƙwaya biyu ko huɗu ba za ta iya haɗa biyun a 1080p da firem 60 ba, ko da wa ya yi mata saiti.

Ka koma inkodan da aka gina a cikin katin. Na NVIDIA sunansa NVENC, yana nan tun jerin GTX 600 na 2012. Na Intel shi ne QuickSync, tun 2011. Na AMD za ka gan shi da sunan AMD HW. Waɗannan wani ɓangare ne daban a jikin katin da aka ware don wannan aikin kawai, shi ya sa ba sa taɓa gem sosai. Sai dai ga wani abu da masu sayen laftof ta hannu ya kamata su sani: ba kowane katin NVIDIA ne ke da NVENC ba. GT 1030 ba shi da shi, haka MX150 da MX250 da ake yawan samu a siraran laftof. In irin wannan ce a hannunka kada ka karaya, furosesar Intel ɗin da ke ciki tana da QuickSync, shi za ka zaɓa, kuma yana aiki da kyau.

Ga yadda nake saita NVENC don naɗa. Rate Control a CQP, lambar tsakanin 18 da 23. Ƙaramar lamba ta fi inganci amma fayil ya fi girma, ni 20 nake fara sawa. Preset a P4 ko P5, ba sai ka kai P7 ba. Look-ahead da Psycho Visual Tuning, wanda sababbin OBS ke kira Adaptive Quantization, suna aron ƙarfi daga ɓangaren da gem ke amfani da shi, don haka in katinka yana kan gaɓa ka kashe su. In duk wannan ya yi maka yawa, bar Output Mode a Simple, ka zaɓi High Quality, Medium File Size, ka sa inkodan kati. Ya wadatar.

In dole sai x264, sauko da preset daga veryfast zuwa superfast ko ultrafast, sannan a Settings, Video, ka mayar da Output Resolution 1280x720. Hoton 720p bai kai rabin ɗigon da ke cikin 1080p ba, aikin ya ragu ƙwarai, kuma yawancin masu kallonka a waya suke kallo.

Laftof ɗin gem yawanci kati biyu gare ta, na Intel ko AMD mai tsimin batir da kuma babban. In gem yana kan babban OBS kuma tana kan ƙaramin, Game Capture yakan ba da baƙin allo ko ya yi ta jan ƙafa. Shiga Settings na Windows, System, Display, Graphics, ka ƙara OBS, ka sa ta a High performance.

Caja, wuta da ƙura

Wannan ɓangaren ba za ka cika jin sa a bakin Turawan da ke koyarwa a YouTube ba, domin ba rayuwarsu ba ce. Mu kuwa a nan rabin matsalar take.

Laftof da ke kan batir ba ta ba da cikakken ƙarfinta. Da an ɗauke wuta take rage gudun furosesa da na kati, manhajar NVIDIA ma tana da tsarin da ke mayar da gem firem 30 in an cire caja. Don haka bidiyon da ya fara lafiya ya lalace a tsakiya, abin da nake fara tambaya shi ne, "An ɗauke wuta kana cikin naɗa?" Sau da yawa amsar e ce. Kada ka naɗa sai da caja a jiki, kuma ka sa Power mode a Best performance. In da hali, ka jona ta inbata ko UPS, yadda sauyawa daga wutar gari zuwa janareta ba zai taɓa ka ba.

Ita kanta cajar abin dubawa ce. Laftof ɗin gem tana son caja mai wat 120, 150, 180, wata har 230. In ta asali ta ƙone aka sayo mai 65 don bakinta ya shiga ramin, fitila za ta kama, za ka ga kamar tana caji, amma da gem ya ɗau zafi na'urar za ta ja da baya, wani lokaci batir ya riƙa sauka alhali caja na jiki. Wasu laftof, irin su Dell, in ba su gane cajar ba da gangan suke rage gudun furosesa. Juya laftof ɗin ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta, ka gwada da na jikin cajar. In volt da amfiya aka rubuta, ka ninka su, shi ne wat.

Sai zafi. Mu mutanen Jos mukan yi alfahari da sanyin garinmu, har wani ya ce mini, "Yaya, a Jos ma kwamfuta za ta yi zafi?" Tana yi mana. Sanyin waje ba ya shiga inda ƙura ta toshe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ta haɗu da zaren bargo ta zama kamar auduga tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi. Lokacin da zafin Maris da Afrilu ya iso, hanyar iska ta riga ta rufe. Alamar wannan ciwo a bayyane take: minti goma ko sha biyar na farko komai sumul, daga nan cijewa ta fara, tana ƙaruwa. In ka kashe ka bar ta ta huce, ta sake farawa lafiya. Saiti ba ya yin haka, zafi ne.

Sauke HWiNFO, ka buɗe ɓangaren Sensors, ka bar shi yana aiki kana wasa. Yawancin furosesar Intel iyakarsu digiri 100 ne, kuma in ta kusanci nan take rage gudu don ta tsira. Manhajar tana da layin Thermal Throttling da zai nuna maka Yes in hakan ya faru. Katin hoto shi tun kafin ya kai haka yake fara ja da baya. Maganin: a buɗe a share fanka, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya in ya bushe. In ba ka saba buɗewa ba, kai wa mai gyara, kuɗin bai taka kara ya karya ba in ka gwada da sayen wata. Kuma don Allah a daina ɗora laftof a kan katifa ko darduma ana gem. Ta ƙasa take shan iska. Ɗora ta a tebur, ka ɗan ɗaga bayanta da wani abu, ko murfin kwalba biyu ne.

RAM ma ka leƙa. Gigabait 8 da gem na zamani da OBS da Chrome mai shafuka goma a buɗe, ba za su zauna lafiya ba. Rufe abin da ba ka buƙata. In kana da 'yan kuɗin da za ka kashe wa na'urar, ƙara RAM na biyu a ɗayan ramin, musamman in katin hotonka na cikin furosesa ne, domin sanda biyu suna ba shi hanya biyu maimakon ɗaya.

Inda fayil ke sauka

Bidiyo mai megabit 40 a sakan yana rubuta megabait 5 ne a sakan, wato wajen gigabait 18 a awa. Wannan ba wani abu ba ne ga SSD. Amma tsohon faifai mai juyawa, in a kansa gem yake kuma a kansa kake naɗa, allurarsa za ta yi ta kai da komo tsakanin karanta taswirar gem da rubuta bidiyo, sai duka biyun su riƙa tsayawa. In kana da faifai biyu, gem a ɗaya, naɗa a ɗayan. Kada ka naɗa kai tsaye cikin filash, yawancinsu rubutunsu a hankali yake, kuma in FAT32 ne tsarinsa fayil ba ya wuce gigabait 4. Kada kuma ka bari faifan ya cika taf.

Tunda muna maganar fayil: ka naɗa a MKV, ba MP4 na gargajiya ba. MP4 sai an rufe shi daidai yake buɗuwa, in wuta ta ɗauke ko OBS ta mutu a tsakiya, duk abin da ka naɗa ya tafi. MKV kuwa yana tsira har zuwa inda ya tsaya. In ka gama, File, Remux Recordings, cikin 'yan sakanni zai zama MP4 ba tare da inganci ya ragu ba. Daga OBS 30.2 da ta fito a 2024 akwai Hybrid MP4, shi ma yana jure yankewa.

Wani kuma bidiyonsa lafiya a VLC, amma da ya shigar da shi Premiere ko CapCut ko Filmora sai ya fara cijewa, murya ta rabu da hoto. Wannan yakan faru da abin da aka naɗa da mai naɗar NVIDIA, ko Game Bar, ko waya, domin yawan firem ɗinsu yana hawa yana sauka. Manhajar MediaInfo za ta nuna maka Variable a layin Frame rate mode. Ka bi da shi ta manhajar HandBrake mai sauya tsarin bidiyo, ka zaɓi 30 ko 60 tare da Constant Framerate, sannan ka shigar. In kuma a tagar haɗawa kawai yake cijewa amma in ka fitar yana tafiya daidai, na'urar ce ke nishi wajen nuna maka, ka rage ingancin tagar ko ka yi amfani da furoksi, wato ƙaramin kwafin bidiyon mai sauƙi da ake aikin haɗawa da shi.

Masu buga Free Fire da PUBG Mobile ta BlueStacks ko GameLoop, manhajojin buga gem ɗin waya a kwamfuta: ku tabbata Virtualization a kunne yake a BIOS, kuma kada ku ba manhajar duk ƙwayoyin furosesa, ku rage wa OBS ko biyu ne. Masu ɗauko hoton PS4 da ƙaramin katin HDMI mai araha kuma, da yawansu an rubuta musu 4K a kwali amma abin da suke miƙa wa kwamfuta 1080p ne a firem 30, ko 720p a 60. Ka shiga saitin katin a OBS ka zaɓi ɗaya daga cikin biyun da hannunka, ka daidaita firem ɗin OBS da shi, ka kuma kashe HDCP, kariyar da ke hana kwafar hoto, a saitin PS4 in allon ya fito baƙi.

Duk abin da za ka canza, ka canza ɗaya, ka danna Reset a tagar Stats, ka sake naɗa minti uku a wuri ɗaya na gem ɗin, ka duba. In ka juya abu biyar a lokaci guda, ko ya gyaru ba za ka san wanne ya yi aikin ba, kuma ranar da ya dawo sai ka fara daga farko. In ka bi duk wannan abin ya ƙi, yi naɗar gwaji ka tsayar, kafin ka rufe OBS ka shiga Help, Log Files, Upload Current Log File. Za ta ba ka adireshi da maɓallin Analyze, wanda zai jero maka abin da ya gani ba daidai ba. Wannan adireshin za ka tura wa wanda kake neman taimakonsa, tare da sunan gem, hoton tagar Stats, lambar zafin da HWiNFO ya nuna, da wat ɗin da ke jikin cajarka.